Rubutun fatsata a bakin tekun New York, kakar 2024

Asabar, 7 ga Satumba

Zan riƙa rubuta abin da na gani da abin da na kashe a nan, saboda kamun kifin kaka a garin nan abu ne na lissafi, wanda bai ajiye ba baɗi sai ya koma farko. Burina kafin a rufe kamun sitiraifa (striped bass, babban kifin teku mai layuka a jiki) ranar 15 ga Disamba shi ne in kama guda ɗaya wanda doka ta yarda in kai gida, kuma daga bakin gaɓa da ƙafata, ba a jirgin haya ba. Na ware dala 500, ban da mai da kuɗin gada.

Ga wanda bai san zancen ba, duk watannin zafi ƙananan kifaye suna girma ne a lungunan ruwa irin Jamaica Bay inda ba zurfi, ga ciyawa ga abinci. Akwai 'yan bonka, dangin shawa ne masu mai sosai, akwai malet, akwai wasu sirara masu layin azurfa a gefe. Da yini ya fara gajarta ruwa ya fara sanyi sai su fito su bi gaɓa su yi kudu, su kuma manyan da suka yi zafi can wajen Massachusetts da Maine suna gangarowa, sai a yi kiciɓis a bakin mashigai da gindin gadoji. A wannan ɗan tsakanin ne kifin da sai mai jirgi ke samu yake zuwa har gaban ƙafar talaka.

Na yi rajistar jiha a waya, kyauta ce amma dole ga duk wanda ya kai shekara 16. Dokar bana sitiraifa ɗaya a rana, tsawo daga inci 28 zuwa 31, wanda ya gaza ko ya wuce a mayar da shi. Bulufish, wani kifin teku mai kaifin haƙora, uku a rana. In nama ko tsutsa za ka sa wa sitiraifa to sai da ƙugiyar nan da bakinta ya lanƙwashe ciki, don ta kama gefen baki kar ya haɗiye.

Kaya: sanda mai ƙafa tara dala 95, ril, wato na'urar naɗe zare, 45, zaren kitso mai ɗaukar fam 30 dala 28, zaren gaba da ake ɗaurawa tsakanin babban zare da ƙugiya 10, baktel uku 15, wato dalma ce da ƙugiya aka ɗaure mata gashin jelar barewa, cokalin ƙarfe mai ƙugiya da ke walƙiya kamar ƙaramin kifi guda biyu 16, kifin roba mai leɓe 14, filaya 15, tocilan goshi 18, tef ɗin awo 4. Dala 260 kenan.

Asabar, 14 ga Satumba

Na yi asuba a gefen mota a fakin ɗin gadar North Channel, kan hanyar Cross Bay. Daga Bronx ta gadar Whitestone na bi, dala 6.94 zuwa, haka dawowa. Ruwan teku, da yake hawa yana sauka sau biyu a rana, ya gama cika ya fara ja daidai lokacin da gari ke wayewa.

Na yi ta jifa nesa iya ƙarfina shiru. Wani dattijo ɗan Gayana da kowa ke ce wa Ankul yana zaune kan bokiti bai ko kwance sandarsa ba, kallon ruwa kawai yake. Can ya kira ni ya ce yaro, bar neman babban kifi, nemi abin da yake ci, in ka same shi babban zai same ka. Ya ce in haska tocila a gindin duwatsun da nake tsaye kai. Wallahi 'yan bonka ne cunkus, tsawon ɗan yatsa manuniya, kowanne da baƙin ɗigo a bayan kunne, bakinsu a buɗe suna tace ruwa, sun yi baƙi sun jeru da gaɓa ko taku biyar ba su kai ba daga takalmina. Ya ce duk abin da zan jefa ya zama tsawonsa ɗaya da su, kuma ya faɗi a gefen garken ba tsakiya ba, don masu farauta a gefe suke jiran wanda ya ware.

Ya koya min alamu kuma. Tsuntsaye in suna shawagi sama kawai to nema suke, in suna faɗowa suna ihu to ana ci a ƙasa. In ka ga wani wuri ruwa ya kwanta lumui yana sheƙi to man bonka ne da aka yayyaga, wani lokaci har ƙamshi yake kamar an yanka kankana. Da rana ta ɗan ɗaga sai ga gefen garken ya fara fantsama, na sa ƙaramin cokali na kama 'yan bulufish na bana masu tsawon tafin hannu, na mayar da su duka. Su ma suna cikin lissafin ukun nan komai ƙanƙantarsu.

Talata, 17 ga Satumba

Bayan aiki na leƙa Orchard Beach tunda kusa ne ba gada. Naman kilam, wata halittar ruwa mai ɓawo, na dala 8 na sa a ƙugiya, na kama ƙananan kifin fogi biyu da suka wuce awon doka na inci tara da rabi, maman yara ta soya. Na lura ruwan nan ɓangarenmu na Bronx yana cika wajen awa uku bayan na Jamaica Bay, kuma hawa da saukarsa ya fi yawa, kusan ƙafa bakwai, can kuwa biyar. Sai a riƙa duba jadawalin kowane wuri daban.

Lahadi, 22 ga Satumba

Kwana da kwanaki iska daga arewa maso gabas take, teku ta yi fushi. Wannan ce iskar da ake cewa tana koro malet daga lungu, su ne farkon masu fita kuma ba sa daɗewa, sati ɗaya zuwa biyu sun wuce. Na tsallaka Rockaway don in tare su, ƙarin dala 2.60 kowace tsallakawa.

Na gan su kam. A cikin kumfar igiya ta farko, kawunansu a sama suna tsaga ruwa, garke bayan garke duk sun nufi yamma wajen Breezy Point. Amma jifa ta gagara, ruwan ya yi ja da yashi, ga ciyawa, duk jifa kafin in juya ril sau uku zaren ya ɗauko dam guda, kifin roban kuma iska na dawo min da shi. Baktel mai nauyin oza ɗaya bai ko taɓa ƙasa. Wani da ke kusa da ni cikin wandon roba ya shiga har gwiwa yana jefa baktel mai oza biyu a gefen jerin duwatsu inda ruwa ya fi tsabta, a gabana ya fito da sitiraifa biyu ya mayar. Ni daga busasshen yashi ba zan kai wurin ba.

Da daddare na samu wandon roba mai haɗe da takalmi na hannu a Facebook, dala 70, na cika baho na gwada ba ya yoyo. Da bel ɗinsa, kuma Ankul ya ja min kunne kar in taɓa shiga ruwa ban ɗaure shi tam ba, in mutum ya faɗi wandon ya cika da ruwa tashi sai Allah.

Asabar, 28 ga Satumba

Yayyafi tun dare, gari a lumshe. Na koma North Channel, Alhaji maƙwabcina mutumin Zangon Kumasi ya raka ni, ya ce yana so ya ga abin da ke fitar da ni kafin asuba.

Ruwa ya fara ja kenan tsuntsaye suka taru gefen gadar suna faɗowa, ƙasa kuma 'yan bonka na tsalle har kan duwatsu don tsira. Na jefa kifin roban, ban juya ril sau biyu ba aka fizge sandar, zare ya yi ta fita yana ƙara, sai kuma sakayau. Na jawo, an yanke zaren gaba fes. Na ɗaura baktel, shi ma haka. Na ɗaura cokali babba, wannan har na kawo shi kusa na ga bayansa shuɗi-shuɗi, ya yi tsalle ya girgiza kai ya tafi da shi. Cikin ƙasa da rabin awa abu uku sun tafi, hannuna na rawa ina ƙulli ruwan sama na jiƙa zaren. Bulufish ne manya. Wanda ya san tsage a kogunanmu na gida ya san irin haƙoran da irin zafin kan, bambancin kawai wannan a garke yake zuwa, kuma ba wanda ya kamu kaɗai ke yanka ba, 'yan uwansa na bin abin da ke bakinsa su datse zaren.

Ankul ya miƙo min guntun zare mai kauri na fam 60 ya ce waya ta fi tsaro amma sitiraifa na ganinta ya ƙi, wannan shi ne tsaka-tsaki. Da shi da ƙaramin cokalin da ya rage na fito da ɗaya, inci 26. Alhaji ya kai hannu zai cire ƙugiyar, na ce Alhaji don Allah dakata, na sa filaya, sai ga kifin ya dantse bakin filayar ƙas har muna ji. Alhaji ya ja da baya yana salati. Nan take na yanke wajen kunnen jini ya tsiyaye na tura shi cikin ƙanƙara, don bulufish in ya ɗau zafi namansa lallausa yake yi ya yi ƙarni.

Mayar da abin da na rasa da zare mai kauri da baktel mai oza biyu, dala 41.

Laraba, 2 ga Oktoba

Ba fita. Farfesu aka yi da shi da citta da tafarnuwa da attaruhu, ya yi daɗi ƙwarai. Mun cire fata da jan naman nan na tsakiya, saboda ma'aikatar lafiya ta jihar tana jan hankali kan yawan cin kifin ruwan nan, sinadarin PCB mai guba a kitse yake taruwa kuma manyan bulufish sun fi tara shi, musamman ga yara da mata masu haihuwa. Na karɓo takardar fakin ta masunta ta Gateway, gandun shaƙatawa na gwamnati da ya haɗa gaɓar yankin, dala 50, da ita zan iya ajiye mota a Fort Tilden da Breezy Point.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ranar baƙin ciki. Fort Tilden da sassafe, ruwa garau, ƙananan kifi jingim a bakin gaɓa, wasu na cewa jiya albi, wani kifi dangin tuna mai gudu, sun shigo har inda jifa ke kaiwa. Ina tsaye ruwa iya cinya wata igiya ta taso ta wanke ni har ƙirji, ril ɗin ya nutse na ɗan lokaci. Na ci gaba da jifa, bayan kamar minti ashirin ya fara ƙarar yashi, hannun ya yi tauri, sai ya tsaya cak. Kuma daidai lokacin ne ruwa ya fashe a gabana, nisan da ko yaro zai kai, mutane hagu da dama sandunansu sun lanƙwashe ni ina tsaye da zare a waje ina naɗe shi da hannu. Ban san lokacin da na zauna kan yashi ba.

A gida na kwance shi kan jarida. Ciki ruwan gishiri ne da yashi sun cakuɗe da giris sun zama wani toka-toka, boris guda, cikin waɗanda ke sa shi juyawa sumul, ya riga ya fara jan tsatsa duk da ina wanke shi da ruwan famfo bayan kowace fita. Irin wannan ril ɗin ba shi da robobin da ke hana ruwa shiga, an yi shi ne don tsayawa kan gada ko tafki. Wani shago na kai, mai gyaran ya ce aikin da kayan zai kai kuɗin sabo, kuma sai bayan sati biyu don layi ya yi yawa. Sati biyu a Oktoba ba abin da zan iya bayarwa ba ne.

Mun yi magana da maman yara da daddare, ta ce Malam ka riga ka shiga, sayi mai kyau sau ɗaya ka huta. Na sayi mai rufaffen ciki dala 130, sabon zare 28. Lissafi ya kai 587, ya wuce abin da na ware, ga shi ko sitiraifa ɗaya ban taɓa ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Dare a gindin gada. Bayan magariba sama ta yi ja da ruwan hoda ta arewa, mutane suka bar sanduna suna ɗauka a waya, ashe hasken nan ne na can ƙuryar arewa ya sauko har New York. Ikon Allah.

Fitilun gada suna zana layi a ruwa, nan haske nan duhu. Ƙananan kifi na taruwa a hasken, sitiraifa na laɓewa a duhun, fuskarsa na kallon inda ruwa ke tahowa. Sai ka jefa sama da layin ka bar ruwa ya kawo baktel ɗin da kansa, kana juyawa a hankali yadda zai riƙa shafar ƙasa. Da ruwa ya juyo ya fara shigowa na ji an ƙwanƙwasa sau ɗaya, na ɗaga. Sitiraifa na farko, inci 22. Layuka baƙaƙe daga kunne har jela, cikin fari tas, bakin ba haƙoran yanka, sai ka sa babban yatsa ka riƙe leɓen ƙasa, yana kankare fata kaɗan. Na riƙe shi cikin ruwa har ya buga jela ya tafi. Alhamdulillah.

Asabar, 19 ga Oktoba

Wata ya cika ranar Alhamis, ruwa na gudu sosai. Na gane wani abu da ya sauƙaƙa min lissafi, duk lokacin da wata ya cika ko ya ɓace ruwan nan yana cika wajen ƙarfe takwas na safe da na dare, daga nan kullum yana ƙara kamar minti hamsin. Ƙanana biyu, inci 20 da 24, duk a baktel mai nauyi.

Asabar, 26 ga Oktoba

Shiru. Watan nan ko ɗigon ruwan sama babu, rana kullum, mutane na yawo da riga mai gajeren hannu. 'Yan bonka na nan cikin lungu sun ƙara girma sun kai tafin hannu amma ba abin da ya kore su, ruwa bai yi sanyin da zai tashe su ba. Ankul ya ce kakar bana a makare take, a jira iskar arewa maso yamma.

Tunda ba kamu sai hira. Zancen da ke bakin kowa shi ne ƙidayar 'ya'yan sitiraifa da jihar Maryland ke yi duk shekara a Chesapeake, inda mafi yawan kifin gaɓar nan ke haihuwa. Bana ta ba da 2.0, bara 1.0, alhali matsakaicinta wajen 11 ne, shekara shida kenan a jere tana ƙasa. Shi ya sa a 2023 aka matse awon daga inci 35 zuwa 31, don a kare waɗanda aka haifa a 2015 da yanzu su ne ƙarfin masu haihuwa. Namu na kogin Hudson na taimakawa amma ba zai ɗauke nauyin duka ba. Wasu a wurin na ƙorafi wai an hana talaka cin kifi, ni dai da na ji lissafin ban ga laifin dokar ba, in manyan suka ƙare babu na baya da za su maye.

Asabar, 2 ga Nuwamba

An fara gargaɗin fari a birni, ana roƙon a rage ɓarnar ruwa. Na gwada baƙin kifin duwatsu don kar a zauna haka, awonsa inci 16. Koren kaguwa na dala 12, takalmin ƙusa da ake ɗaurawa kan wandon roba dala 60, wannan ba a wasa da shi, duwatsun da suka yi kore santsinsu ya wuce misali. Kifin ɓarawo ne, kafin ka ji shi ya cinye kaguwar, in ya kamu kuma rami yake shigewa. Guda ɗaya inci 14, dalma huɗu sun maƙale. Gobe za a mayar da agogo baya, gari zai riƙa wayewa da wuri, zan samu awa ɗaya kafin aiki.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Jiya da dare gobarar daji ta tashi a Prospect Park saboda bushewa. Yau iska ta juyo daga arewa, sanyi ya ɗan shigo. Na taka daga fakin har kusa da ƙarshen Breezy Point, tafiya ce mai nisa cikin yashi da wandon roba. Abin da na gani ban taɓa gani ba, tsuntsaye sun rufe wani yanki, jirage sun kewaye, ga wani ƙaton kifin wel ya ɓullo da baki buɗe tsakiyar bonka. Sun ce tun da jihar ta hana kamun bonka da babban taru a 2019 ake yawan ganinsu kusa haka. Amma duk abin can nesa yake, ninki uku na jifata. Na jira har ruwa ya juyo ko zai turo su, bai turo ba. Hannu wofi na dawo amma na san sun fito daga lungu.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Fort Tilden, ruwa ya cika wajen bakwai da rabi. Tun kafin rana ta fito na ga 'yan bonka a yashe kan yashi suna ɓalli-ɓalli, alamar an koro su da dare. Na ɗauki ɗaya na gwada da kifin robana, tsawo ɗaya. Da ruwa ya fara ja sai suka matso cikin kwarin da ke tsakanin gaɓa da tudun yashi na farko, inda ruwa ya fi duhu, bayansu kuma sai ka ga jela mai faɗi ta juya.

Jifa ta gefe na yi, kusan a layi ɗaya da gaɓa. Bugun ba irin na bulufish ba ne, nauyi ne kawai ya tsaya sannan ya fara tafiya, ril na sakin zare a hankali ba tsayawa. Na bi shi da ƙafa, na bar igiya ta taimaka, in ta taho in ja in ta koma in sassauta, har wata ta ɗora shi kan jiƙaƙƙen yashi. Na shimfiɗa tef daga baki zuwa ƙarshen jela. Inci 34.

Wani da ke gefe ya zo ya ce in kai shi mota da sauri ba wanda ya gani, ko in yanke jelar. Zuciyata ta buga kam, sati nawa ina neman wannan, ga kuɗin da na zuba, ga yara kullum suna tambaya. Amma kifi mai wannan tsawo sau da yawa mace ce, kuma irin waɗanda aka yi dokar dominsu kenan, na kuma sa hannu a rajista na yarda da sharaɗin, ban ga yadda zan kai wa iyalina abin da na ɓoye a but ɗin mota ba. Na ce masa a'a ɗan uwa. Na tallafe cikinta na shiga ruwa har gwiwa na fuskantar da ita ga igiya, murfin kunnen na buɗewa yana rufewa, ta ɗau kusan minti biyu kafin na ji ta ciji yatsana ta fizge. Ko hoto ban tsaya ɗauka ba don kar ta daɗe a waje.

Bayanta na samu inci 25 da 26. Daga yau na danne ƙayar ƙugiyoyina duka da filaya, na kuma cire mai baki uku ta baya na sa guda ɗaya, cirewa ta fi sauri kuma ba ta yaga su.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ruwan sama ya sauka ranar Alhamis bayan dogon fari, bayansa sanyi da iska mai ƙarfi. Bonka sun ragu, abincin ya canza, yanzu wasu sirara ne dogaye masu shigewa cikin yashi, wani ƙaramin da na kama ya amayo su a hannuna. Kifin roba mai faɗi ya daina aiki. Na sayi dogon ƙarfe mai jelar koren tiyo guda uku da 'yar ƙugiya mai gashi da ake ɗaurawa sama da shi, dala 24, safar hannu 20. Ana jefawa a bari ya taɓa ƙasa a riƙa jansa yana tayar da yashi. Ƙanana da yawa, mafi yawa a 'yar ƙugiyar sama suka kamu.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Hutun Thanksgiving ne ba aiki, na ce in fita da wuri in dawo kafin masallaci. Sanyi har yatsu ba sa jin ƙulli, sai da na riƙa sa hannu a hammata. Mutane kaɗan ne a bakin ruwa. Ruwa ya cika gab da fitowar rana, ba tsuntsaye ba fantsama, abin da ya tsayar da ni a wurin kawai shi ne siraran kifin nan da na gani igiya na watsowa, da wata 'yar mashiga a tudun yashi inda ruwa ke komawa da ƙarfi.

Na kama ƙanana biyu, na uku ya fi nauyi. Na auna, na sake aunawa da bakin a rufe jelar a miƙe don kar a samu shakka. Inci 29 da kwata. Na yi hamdala a fili. Na yanka shi na zubar da jinin a ruwa, na naɗe sandar nan take tunda ɗaya doka ta ce. Da aka buɗe cikinsa a gida cike yake da siraran nan, wasu ko narkewa ba su fara ba.

Maman yara ta gasa rabi a oven da yaji da albasa da lemon tsami, naman fari ne yana ɓarewa fala-fala ba ƙarni. Ɗaya rabin na kai wa Alhaji, ya ce Malam ashe da gaske kake. Na so in ba Ankul ko yanki ne amma tun farkon watan ban gan shi a gada ba, an ce sanyi ya sa ya ajiye sanda sai baɗi.

Asabar, 7 ga Disamba

Fita ta ƙarshe. Ƙanƙara a ƙofofin zaren sanda, ƙanana biyu da ba su kai inci 20 ba, su ne 'yan bayan ayari. Akwai sauran sati kafin a rufe amma na tsaya haka.

Kaya da takarda da abincin ƙugiya gaba ɗaya dala 703, da dalmar da ta maƙale a duwatsu a ce 710. Gada da mai ban tara daidai ba, amma duk zuwa Rockaway ko Fort Tilden dala 19.08 na biya na gada kaɗai.

Na wanke sanda da wandon roba da ruwan ɗumi na rataye, na sassauta birkin ril, na juya zaren ta yadda na ciki ya dawo waje. Cikin hunturu zan koyi kwance ril ɗin da sa masa giris da kaina, in sayi gashi da dalma in gwada ɗaura baktel, in kuma nemi sanda mai ƙafa goma ta hannu saboda irin ranar Breezy Point. Baɗi wandon roba da baktel masu nauyi za su kasance a mota tun farkon Satumba don malet, kuma zan nemi hutun aiki a tsakiyar Nuwamba. Ana buɗe sitiraifa 15 ga Afrilu, zan fara da ɓangarenmu na Pelham Bay inda ba kuɗin gada, babban yarona ya ce zai bi ni, sai na nemo masa ƙaramar sanda da rigar iyo tukuna.